Kalma Ɗaya, Ma'ana Uku: Bayani a Kan Gyaran Sashen Wutar Na'urorin Sadarwar Intanet

Tsakure

Na'urorin da ke rarraba intanet a ofisoshi da makarantu da cibiyoyin jarrabawa sukan daina aiki ba zato, sai a ce sun mutu ko sun ƙone, a jefa su sito a nemi sababbi. Sau da yawa abin da ya lalace bai wuce sashen da ke ba na'urar wuta ba, a cikin sashen ma wasu 'yan ƙananan abubuwa ne masu araha. Wannan maƙala ta bayyana yadda sashen yake aiki, da abubuwan da ke kashe shi a yanayin ƙasar Hausa, da matakan gano matsalarsa da gyara ta. Ta kuma nuna cewa kalmar wuta, kamar yadda ake amfani da ita a fagen lantarki, ta haɗiye ma'anoni uku mabambanta, kuma rashin rarrabe su yana daga cikin dalilan da ke sa gyara ya koma ɓarna.

Fitilun Kalmomi: sashen wuta, rauta, suwic, kwandansa, matsi, kwarara

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A ɗakin jarrabawar, kwamfutar da ke gaban kowane ɗalibi tana haɗe ne da babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi ta hanyar wani akwati mai ramuka a jere, galibi 24 ko 48, wanda ake kira suwic. Idan akwatin nan ya ɗauke, adadin ɗaliban da ke rataye a jikinsa ke nan suka yanke lokaci guda. Haka lamarin yake a ɗakunan karatu na jami'o'i da asibitoci da shagunan intanet, inda ƙanensa rauta, wato na'urar da ke karɓo intanet daga waje ta watsa a cikin gida, yake ɗauke da nauyin aiki duka.

Hukuncin da aka fi yanke wa irin wannan na'ura idan fitilunta suka ƙi kamawa shi ne ta mutu. Hukunci ne mai tsada, domin a dala ake shigo da kayan. Alhali na'urar kashi biyu ce. Akwai allon da ke sarrafa saƙonni, wanda shi ne mai daraja, akwai kuma sashen da ke karɓar wutar gari ya tausasa ta ta yadda allon zai iya ci. Wannan na biyun shi ke fuskantar duk wani dukan da wutar gari ke kawowa, shi ya sa ya fi saurin faɗuwa. A ƙananan rautoci yakan zo a waje, a ce masa adafta ko caja. A manyan suwic kuwa a ciki yake, masu gyara kan ce masa fawa, kalmar da a rubuce ta yi kama da sana'ar mahauta. A wannan maƙala za a kira shi sashen wuta.

Dalilin kawo wannan batu a mujallar nazarin Hausa shi ne, aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi da aka yi a baya, irin wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ya fi karkata ga harshe da adabi da dabarun koyarwa. Ilimin gyaran lantarki kuwa yana nan yana gudana da Hausa kullum a kasuwannin waya da kwamfuta irin na Farm Centre da titin Beirut a Kano, tsakanin maigida da yaronsa, amma da baka. Hanya mafi inganci ta gwada ko harshen zai iya ɗaukar ilimin a rubuce ita ce a rubuta shi.

2.0 Ma'anonin Kalmar Wuta

Bahaushe ya faɗaɗa ma'anar wuta daga wadda ake hurawa a murhu zuwa lantarki, ya ce an kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta yi ƙasa, na'ura tana cin wuta. Ga mai amfani wannan ya wadatar. Ga mai gyara kuwa akwai abubuwa uku da tilas a raba.

A ɗauki tankin ruwa da aka ɗora a saman gini. Gwargwadon tsawon ginin, gwargwadon yadda ruwa ke matso bakin famfo ko da famfon a rufe yake. Wannan shi ne matsi, kuma a lantarki da bolt ake auna shi. Idan aka buɗe famfo, yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa shi ne kwarara, ana auna ta da amfa. Na ukun shi ne ci, wato aikin da wutar ke yi a zahiri, ana auna shi da wat, kuma ana samun sa ne idan aka ninka matsi da kwarara. Adaftar da aka rubuta wa bolt 12 da amfa 1 tana iya ciyar da na'ura mai cin wat 12.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne wannan: matsi ɗora wa na'ura shi ake yi, kwarara kuwa na'ura ce ke jan abin da take buƙata. Saboda haka adafta mai amfa 2 ba za ta cutar da rauta mai buƙatar amfa 1 ba, hasali ma za ta fi daɗewa tun da ba a ƙure ta ba. Amma adafta mai bolt 19, irin ta kwamfutar tafi-da-gidanka, tana iya ƙona rauta mai bolt 12 nan take, ko da bakinta ya shiga ramin daram. Mutumin da ya shiga kasuwa ya ce a ba shi caja mai ƙarfi bai faɗi komai ba tukuna, domin ƙarfi na iya nufin kowanne daga cikin ukun. Wanda kuma ya ji tsoron amfa 2 don kada wuta ta yi wa na'urarsa yawa, ya zaɓi mai rabin amfa, ya sayi adaftar da za ta yi ta zafi har ta mutu.

Akwai wani rabon kuma. Wutar gari mai kai-komo ce, tana sauya alkibla, zagaye 50 a kowace daƙiƙa a Nijeriya da Nijar. Wutar batir miƙaƙƙiya ce, alkibla ɗaya take bi. Masu gyara kan ce esi da disi. A ra'ayin wannan maƙala babu laifi a bar kalmomin aro inda suka riga suka zauna a bakin masu sana'a, kamar fis da dayod da kwandansa. Inda ake buƙatar ƙirƙira shi ne inda kalma ɗaya ta rufe abubuwa da dama, kamar yadda wuta ta yi.

3.0 Tafiyar Wuta a Cikin Sashen

Aikin sashen wuta shi ne ya karɓi wutar kai-komo mai bolt 230 ya mayar da ita miƙaƙƙiya mai bolt 12 ko 9 ko 5. Tsofaffin rediyoyi da taransifoma mai nauyi suke yin wannan. Na'urorin yanzu wata dabara suke bi, kuma duk wanda ya san zangon-zangon da wuta ke bi a ciki ya san inda zai duba.

Zangon farko ƙofa ce. Akwai fis, wanda ke tsinkewa idan kwarara ta wuce kima. Akwai wani ɗan faifai, galibi shuɗi, da za a kira mai-gadi, wanda ba ya yin komai sai matsi ya haura iyaka, sai ya haɗiye rarar. Daga nan wuta ta shiga dayod huɗu da aka haɗa wuri guda. Dayod ƙofa ce mai buɗewa ta fuska ɗaya tak, don haka huɗun nan suke miƙar da wutar kai-komo. Abin da ya fito ana tara shi a babbar kwandansa, wadda aikinta kamar na randa ne, ta tara ta riƙa bayarwa a nitse. Matsin da ke cikinta yakan kai kimanin bolt 325, domin bolt 230 ɗin da ake faɗa matsakaicin lissafi ne, ƙololuwarsa ta fi haka da ninkin 1.41. Wannan ne ya sa ake rubuta bolt 400 ko 450 a jikinta.

Zango na biyu shi ne zuciyar dabarar. Wani tiransisto yana kunna wannan wuta yana kashewa sau dubu hamsin zuwa dubu ɗari ko fiye a daƙiƙa ɗaya, a ƙarƙashin umarnin wata 'yar aisi, irin su UC3842. Gwargwadon saurin kunnawa da kashewar, gwargwadon ƙanƙantar taransifomar da ake buƙata. Abin da ya sa ke nan caja ta zama abar sakawa a aljihu.

A ɗaya ɓangaren taransifomar, wani dayod yana sake miƙar da wutar, wasu ƙananan kwandansoshi su tace ta, ta fita zuwa allo. Domin matsin fita ya tsaya daidai, akwai wani ɗan ma'auni, sau da yawa TL431, da ke lura da shi, yana aika rahoto baya zuwa ga aisin ta hanyar wani ɗan aike mai ƙafa huɗu, irin PC817, wanda da haske yake isar da saƙo. An zaɓi haske ne da gangan, don kada wata waya ta haɗa ɓangaren wutar gari da ɓangaren da hannun mutum ke taɓawa. Duk wanda ya juya allon zai ga wani fili da aka bari babu komai tsakanin ɓangarorin biyu, wani lokaci har da tsaga. Masu gyara na kiran na farko ɓangaren zafi, na biyu ɓangaren sanyi. Wannan fili shi ne abin da ke tsakanin mai amfani da wutar gari.

4.0 Abubuwan da ke Kashe Sashen Wuta

An saba ɗora laifin duka a kan nepa, sunan da ya ƙi gushewa daga bakin jama'a duk da cewa hukumar ta koma PHCN a 2005, aka kuma miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 a 2013. Tana da nata kason. Amma babban makashin, mai aiki a ɓoye, zafi ne.

Kwandansar da ake amfani da ita a nan gwangwanin alminiyam ce mai ɗauke da takarda jiƙaƙƙiya da wani ruwan sinadari, an toshe bakinta da roba. A hankali ruwan yake bushewa, zafi kuma yana gaggauta bushewar. Masu ƙera ta sukan rubuta awannin da za ta yi a wani mizanin zafi, alal misali awa 2,000 a digiri 105 na ma'aunin Salshiyas. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita, wadda ta samo tushe daga aikin masanin sinadarai ɗan Suwidin Svante Arrhenius, ita ce duk raguwar digiri 10 tana ninka rayuwarta sau biyu. Ke nan wannan kwandansa a digiri 65 za ta yi awa 32,000, fiye da shekara uku da rabi ga na'urar da ba a kashewa, tun da shekara awa 8,760 ce. A digiri 75 kuwa awa 16,000 za ta yi, ƙasa da shekara biyu. Idan kuma mai araha ce da aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 85, to a digiri 65 awa 8,000 kacal take da su, ba za ta cika shekara ba. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a inuwa, rautar da aka ɗora a saman kabad dab da rufin kwano, ko suwic ɗin da aka kulle a akwatin ƙarfe marar iska, ta fara lissafinta ne daga mummunan wuri. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ramukan iska, tana tsayar da 'yar fankar da ke cikin manyan suwic, zafin ya daɗa taruwa. Idan damina ta zo ƙurar ta sha danshi, tana iya zama hanyar da wuta za ta bi ta tsallake filin nan da aka ambata.

Game da wutar gari, yanayi uku ne suka fi ɓarna. Na farko dawowarta da ƙarfi bayan ɗaukewa, ko tsawa a lokacin damina, inda matsi ke yin tsalle na ɗan ƙiftawa. Mai-gadi yana shanye irin wannan, amma kowane duka yana rage masa lafiya har ranar da zai tsage. Na biyu tsinkewar wayar nutural a layin unguwa. Idan haka ta faru, matsin da ke shiga wasu gidaje yakan haura zuwa kusan bolt 400, wanda ƙololuwarsa ta kai kimanin bolt 565, alhali babbar kwandansa 400 aka yi ta dominsa. Wannan ita ce ranar da ake cewa wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone kayan unguwa. Na ukun ba a cika zarginsa ba, wato ƙarancin matsi. Tun da ci shi ne matsi a ninka da kwarara, idan matsi ya faɗi, sashen wuta yakan ƙara jan kwarara don ya cike gurbin, tiransisto da dayod su yi ta ɗaukar zafi. Mai gida yana ganin na'urarsa tana aiki duk da wuta ta yi ƙasa, bai san abin da take sha a ciki ba. Ƙananan janaretoci ma, musamman lokacin da mai ya kusa ƙarewa injin yana ta sama da ƙasa, sukan haɗa duka yanayin biyu.

Ya dace a ambaci cewa tsakanin kimanin 1999 zuwa 2007 an yi wata annobar kwandansoshi masu gurɓataccen sinadari da suka riƙa kumbura tun ba su daɗe ba, ta shafi kwamfutoci da na'urorin sadarwa a duniya baki ɗaya. Tsofaffin kayan da ake shigowa da su na hannu daga wancan zamani sun cancanci a duba cikinsu tun kafin a jona.

5.0 Gano Matsala da Gyara Ta

5.1 Adaftar Waje

Idan sashen wuta a waje yake, aikin ya zo da sauƙi. A karanta rubutun da ke ƙarƙashin rautar, a samo wata adafta lafiyayya mai matsi daidai da nata, mai kwarara daidai ko fiye, a gwada. Sai a lura da abu biyu. Bakin adafta yana da tsakiya da gefe, kuma galibin rautoci tsakiyar ce ƙafar fosatif, akwai ɗan zane a jikin adaftar da ke nuna haka. Sannan bakunan da suka fi yawa iri biyu ne masu kama da juna, dukkansu kaurin milimita 5.5, amma ramin ɗaya 2.1 ne, na ɗayan 2.5. Mai faɗin rami yakan shiga ya yi sako-sako, na'ura ta riƙa ɗaukewa duk lokacin da aka taɓa tebur.

Aunawa da mita kaɗai tana yaudara. Adaftar da kwandansoshinta suka bushe takan nuna bolt 12 cif idan ba a jona mata komai ba, da an ɗora mata kaya sai ta durƙushe. Shi ya sa ake gwada ta da ƙwan babur ko na mota mai bolt 12 da wat 10, wanda ke jan kimanin amfa 0.8, a auna matsin ƙwan yana kunne. Alamomin irin wannan adafta a jikin rauta su ne kashe kanta da sake kunnawa idan masu amfani suka yi yawa, ko fitilu su kama amma intanet ya ƙi zuwa. An sha zagin kamfanonin sadarwa a kan laifin kwandansa.

5.2 Sashen Ciki

Kafin hannu ya shiga, akwai sharaɗi. Babbar kwandansa tana iya riƙe bolt 300 da ɗoriya bayan an zare wayar daga bango, wani lokaci na tsawon mintoci, musamman a sashen da ya lalace ta yadda babu abin da ke jan wutar. Sai an sauke ta ta hanyar jona mata rizisto mai kimanin om dubu 10 ko ƙwan fitila, a kuma auna a tabbatar ta sauka. Haɗa ƙafafunta da sukundireba, kamar yadda wasu ke yi, yana tartsatsi yana kuma lahanta ta. Wanda bai taɓa aiki a gaban gwani ba, iyakarsa adaftar waje.

Daga nan ido da hanci ne kan gaba. A dubi kwandansar da samanta ya kumbura ko ta yi tsatsar ruwa, da mai-gadin da ya tsage, da baƙin tabo a allo, da dalmar da ta yi zobe ta tsage a ƙafar taransifoma. Bayan haka tambaya ɗaya ce ke raba hanya: fis ya tsinke ko bai tsinke ba?

Idan ya tsinke, musamman idan cikinsa ya yi baƙi, to wani abu a ɓangaren zafi ya haɗe. Fis ba ya mutuwa haka kawai, shaida ne kawai. A auna dayod huɗun nan, da tiransisto, da mai-gadi, da babbar kwandansa. Idan tiransisto ne ya haɗe, da wuya ya tafi shi kaɗai, yakan ja ƙaramin riziston da ke ƙafarsa da aisin da ke tuƙa shi, kuma duk wanda ya canja shi kaɗai ya jona wuta zai sake sayen wani. A nan ne wata tsohuwar dabara ke da amfani. A jona ƙwan fitila mai zare, na wat 60, a gurbin fis, sannan a ba da wuta. Idan ƙwan ya yi walƙiya ya dushe, babbar kwandansa ce ta cika, babu haɗewa. Idan ya tsaya da haske, matsala tana nan, amma ƙwan ya tare kwararar, babu abin da ya ƙone. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aiki. Ɗaure gurbin fis da zaren waya kuwa gyaran gangar Auzinawa ne, domin ranar da wani abu ya sake haɗewa allon ne zai ƙone a madadin fis, wataƙila har da ɗakin. Fis da irinsa ake maye shi, lambar amfa ɗaya, kuma idan akwai harafin T a jikinsa, mai jinkirin tsinkewa ne, shi za a nema.

Idan fis lafiya lau yake, kuma an sami bolt 325 a babbar kwandansa amma babu abin da ke fita, to aisin ce ba ta tashi ba. Wannan matsala ta cancanci a tsaya a kanta. Lokacin da aka kunna na'ura, aisin tana samun wutar farko ne ta wani rizisto mai om dubu ɗaruruwa wanda ke cika wata 'yar kwandansa, galibi mai maikirofarad 10 zuwa 47. Da zarar ta tashi, taransifoma ce ke ci gaba da ciyar da ita. Ma'ana, wannan 'yar kwandansa tana iya bushewa na'ura ta ci gaba da aiki wata da watanni, ba za a gane ba sai ranar da wuta ta ɗauke ta dawo, na'ura ta ƙi tashi. Mai ita zai rantse dawowar wutar ce ta ƙone ta, alhali cutar ta daɗe a jiki, ɗaukewar tona ta kawai ta yi. Ita wannan kwandansa ba ta cika kumbura ba, ido ba ya kama ta, kuma kuɗinta bai kai na katin waya ba. Gwanayen masu gyara sukan canja ta ba tare da sun tsaya aunawa ba.

Idan kuma ana jin sashen yana ƙara tik, tik, ko fitila tana ƙiftawa, yana ƙoƙarin tashi ne yana tarar da haɗewa a gaba yana komawa. A raba shi da allon sadarwa. Idan ya tashi, matsalar a allon take. Idan bai tashi ba, a auna dayod ɗin fita, sannan kwandansoshin fita.

Wajen maye kwandansa, maikirofarad ya zama daidai ko sama kaɗan, bolt daidai ko fiye, zafi digiri 105. Kwandansoshin fita kuma sai irin waɗanda aka yi domin wuta mai saurin kai-komo, masu ƙarancin turjiyar ciki, in ba haka ba sabuwar za ta yi zafi ta kumbura cikin 'yan watanni. Akwai mita ta musamman da ke auna wannan turjiya, kuma ta fi mitar maikirofarad amfani a wannan aiki, domin kwandansa kan nuna maikirofarad ɗinta kusan cikakke alhali turjiyarta ta ninka sau da yawa. Tana da ƙafar fosatif da ta nagatif, layin da ke gefenta yana nuna nagatif, idan aka juya ta fashewa take yi. Idan ɗaya ta kumbura a jere, a canja 'yan uwanta duka, tun da zafi ɗaya suka sha. Wanda ya ga dalmar allo ta ƙi narkewa kada ya ƙara dannawa har ya ɓamɓare hanyar tagulla. Tun 2006 dokar Tarayyar Turai ta sa masana'antu suka koma dalma marar gubar darma, wadda sai kimanin digiri 217 take narkewa, saɓanin tsohuwar mai narkewa a wajen 183. Ɗiga mata 'yar sabuwar dalma yana sassauta ta.

Bayan gyara, a gwada da ƙwai tukuna, a ɗora kaya a auna matsi, sannan a mayar da allo a bar na'ura ta yi awanni tana aiki, a kashe a kunna sau da dama. Idan allon ya ƙone ya zama gawayi, ko taransifoma ta lalace, ko filin da ke tsakanin ɓangaren zafi da na sanyi ya yi baƙi, canja sashen gaba ɗaya ya fi. A suwic mai buƙatar matsi iri ɗaya tak, alal misali bolt 12, ana iya cire mataccen sashen a jona adaftar waje mai isasshiyar kwarara. Masu ɗora rauta kai tsaye a kan batirin sola kuma su tuna cewa batirin da ake kira mai bolt 12 yakan haura 14 lokacin da yake caji.

5.3 Wutar da ke Bin Wayar Sadarwa

Kyamarorin tsaro da na'urorin da ake kafawa a kan dogayen ƙarafa don harba intanet daga gini zuwa gini ba su da adafta a kusa. Wayar sadarwar ce ke kai musu saƙo da wuta tare, tsarin da ake rubuta wa PoE a jikin kwali. A nan rikicin kalmar wuta ya fi fitowa fili, domin tsarin iri biyu ne. Akwai wanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta tsara, na farko a 2003 mai wat 15.4, na biyu a 2009 mai wat 30, na uku a 2018 mai kaiwa wat 90. Wannan yana aiki da kimanin bolt 48, kuma ba ya sakin wuta sai ya gwada na'urar da ke ɗaya ƙarshen ya tabbatar tana buƙata. Akwai kuma wanda ba ya tambaya, galibi mai bolt 24, wanda na'urori da yawa na Ubiquiti da MikroTik ke amfani da shi, wuta tana kan wayar ko da me aka jona. Akwai ma irinsa mai bolt 48. Akwatunan da ke tura wutar kamanninsu ɗaya, ramukansu ɗaya. Idan na'urar sama ta ɗauke aka aiki yaro ya sayo mai ba da wuta, ya dawo da mai bolt 48 marar tambaya aka jona wa na'ura mai bolt 24, an ƙone abin da tun farko lafiyarsa ƙalau, kuma sai an hau ƙarfen kafin a gane. Idan kuma aka jona mai bolt 24 a suwic ɗin IEEE, ba za ta tashi ba ko kaɗan, sai a yanke mata hukuncin mutuwa. Aiken da ya dace shi ne a ce masa ya sayo mai matsin bolt 24, kwarara amfa 1, marar tambaya, a kuma ba shi tsohon akwatin ya tafi da shi.